Muhawara: Shin filasta kaɗai ta isa riƙe robar allurar baya?

Ungozoma, Gombe: Assalamu alaikum. An faɗa mana a wurin bita cewa filasta kaɗai ta isa riƙe siririyar robar efidural, wadda ake sa wa mai naƙuda ko wanda aka yi wa tiyata domin rage zafi. Ni ban gamsu ba. A zafin Maris da Afrilu na garin nan, mace tana juyi tana gumi, sai gefen filastar ya nannaɗe, robar ta zamo, ciwo ya dawo sabo. Ina ganin a riƙa bi da ita ta ƙarƙashin fata.

Likitan sa barci: Wa alaikumus salam, Sista. Maganar gumi gaskiya ce, amma lokacin mannewa ma yana da ruwa a ciki. Ana sa robar ne mai jinya yana zaune a duƙe, kuma da zarar ya miƙe ko ya kwanta a gefe, tazarar da ke tsakanin fata da wurin da bakin robar yake tana ƙaruwa, musamman ga mai jiki. Idan an riga an manne ta yana duƙe, fatar da kanta za ta jawo ta waje. A bar santimita 4 zuwa 5 a ciki, a jira ya daidaita, a busar da wurin, sannan a manne.

Nas, ɗakin tiyata: Ranka ya daɗe, wannan ya dace da naƙuda ta sa'o'i. Wanda robar za ta kwana uku a bayansa bayan babbar tiyata, ina bayan Sista.

Likitan sa barci: Ban musa ba, sai dai bi da ita ta ƙarƙashin fata ƙarin huda ne, kuma allurar na iya yanke robar idan hannu ya kuskure. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta ƙara nutsewa ciki, ta shiga jijiyar jini ko ruwan lakar ƙashin baya, domin a nan magani zai iya zama haɗari. Shi ya sa nake son filasta mai haske wadda ake hango layukan awon da ke jikin robar ta cikinta, a rubuta lambar da ke bakin fata, a duba ta a kowane canjin aiki.

Ungozoma, Gombe: Likita, filasta mai hasken nan ba kullum ake samunta ba, sau da yawa dangi ake aikawa su sayo, wasu kuma ba su da hali. Idan farar filasta kaɗai ke hannunmu, ta yaya za mu duba lambar ba tare da mun ɓare ta kowane lokaci ba?