Neman kalmar Hausa: me za mu kira "feedback" na gwanjon intanet?

1/
Assalamu alaikum masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta gagare ni, ina neman taimakonku.

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya sa tsohuwar kyamararsa a gwanjon eBay. Makon jiya ya bugo waya ya ce, "Yaya, wanda ya ci gwanjon ya ɓoye fidbak ɗinsa, hankalina bai kwanta da shi ba." Hajiyarmu tana zaune tana ji, sai ta ce, "Mene ne kuma fidbak?" Na yi ta zagaye-zagaye ban samu kalma guda da zan ba ta ba. Abin ya dame ni, domin mu mutanen kasuwa ne tun kaka da kakanni. Ba zai yiwu a ce abin da ya shafi amana tsakanin mai saye da mai sayarwa ba shi da suna a bakinmu ba.

2/
Bari in fara faɗin abin da ake nufi. Pierre Omidyar ne ya buɗe wannan gwanjo a Kalifoniya ta Amurka a watan Satumba na 1995, da sunan AuctionWeb, kafin ya koma eBay a 1997. Matsalar da ta fara tasowa ita ce, mutum zai aika kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba, ya zauna jiran kaya. A watan Fabrairu na 1996 sai ya fito da tsarin da mutane za su riƙa rubuta yadda suka ga juna a ciniki. Yabo yana ƙara maki 1, suka tana rage 1, tsaka-tsaki ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Ana tara makin a jikin sunan mutum, har da tauraro: mai maki 10 ruwan ɗorawa, mai 50 shuɗi, mai 1,000 ja. A ƙasa kuma ga kalaman da kowa ya rubuta.

Kuma abin yana da kuɗi a cikinsa. Paul Resnick na Jami'ar Mishigan da Richard Zeckhauser na Habad da abokan aikinsu sun gwada sayar da tsofaffin katunan gidan waya (postcard) iri ɗaya, wasu da sunan ɗan kasuwar da aka sani, wasu da sababbin sunaye. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna masu saye sun yarda su biya sanannen sunan kusan kashi 8 cikin 100 fiye da sabo.

3/
Na gwada "martani", amma shi yana da ƙanshin cacar baki, sai an taɓa ka kake mayar da shi. Na gwada "ra'ayi", sai na ga kowa yana da ra'ayi, har ɗan kallo, alhali a tsarin yau sai wanda kuka yi ciniki da shi ne kaɗai zai rubuta. "Sharhi" da "tsokaci" na 'yan jarida ne. "Maki" ya ɗauki lambar ya bar maganar. "Yabo" kuwa ya manta da suka.

Abin da zuciyata ta tsaya a kai shi ne shaida. Idan za a ba mutum aure, ana zuwa unguwarsu a ji shaidar da maƙwabta za su yi masa. Idan mutum ya rasu, mukan ce ya samu kyakkyawar shaida. Ita shaida tana iya zama mai kyau ko maras kyau, kuma ba a karɓarta sai daga wanda ya zauna da kai. Saboda haka nake ba da shawarar "shaidar ciniki", lambar kuma "makin shaida".

4/
Hanyar gwada kalma ita ce a sa ta cikin zancen da ya kawo ta. To me ya sa mutum zai ɓoye shaidar cinikinsa?

A eBay, in mutum ya rufe tasa, makinsa yana nan a fili, kalaman ne ba a gani. Mai saye yana da dalilai da yawa, kuma wasunsu ba abin zargi ba ne ko kaɗan. A da shaidar tana maƙale da kayan da aka saya, don haka duk wanda ya san sunanka a can yana iya bin sawun abin da ka kashe wa kuɗi. Wani magani ne ko kayan da kunya ke hana shi saya a kanti. Wani kyauta ya saya wa matarsa ba ya son ta sani kafin lokaci. Wata kuma wani ne ya takura mata yana bibiyarta bayan sun yi saɓani a ciniki. Akwai kuma ɗan kasuwar da ke sari da wani suna yana sayarwa da wani, ba ya son abokan gasa su gane inda yake samo kaya da nawa yake saye. Duk wanda ya taɓa zama a Kwari ko Sabon Gari ya san ba a faɗa wa maƙwabcin rumfa wurin sari.

Amma akwai masu kaza a aljihu. Mutum ya saba cin gwanjo ya ƙi biya, masu kaya sun rubuta tun lokacin da suke da damar suka, sai ya rufe. Wani kuma halinsa ne ya karɓi kaya ya yi barazanar rubuta suka in ba a rage masa kuɗi ba, ya san in aka ga jerin abin da ya rubuta wa mutane za a gane shi. Sai kuma sunan da mai kaya ya buɗe da kansa don ya riƙa taya kayansa farashi ya hau, wanda shaidarsa duk daga mutum ɗaya ta fito.

5/
Shi mai sayarwa lamarinsa ya fi nauyi, domin shi ake ba wa kuɗi kafin a ga kaya. Wani ƙorafin masu saye yake ɓoyewa, na jabun kaya ko jinkirin aikawa. Wani ya tara makinsa ne ta hanyar sayen 'yan tarkace masu araha, sannan ya fito da kwamfutoci masu tsada, ba ya son a gane bai taɓa sayar da komai ba. Akwai dai wanda zalunci aka yi masa, aka rubuta masa ƙarya ya rasa yadda zai yi. Duk da haka eBay ta yanke hukuncin da nake ganin daidai ne: wanda ya rufe shaidarsa zai iya saye, amma ba zai sa kaya a kasuwa ba.

Wani abin da ya sa mutane rufewa a da shi ne ramuwar gayya. Ka soki mai kaya da gaskiya, shi ma ya zo ya soke ka don haushi. A watan Mayu na 2008 aka hana masu sayarwa rubuta suka ko tsaka-tsaki ga masu saye.

6/
Wani malaminmu daga Zariya ya amsa, kuma maganarsa ta tsayar da ni. Ga abin da ya ce:

"Ɗana, shaida ta yi, amma ka kula da 'ɓoye shaida'. Duk Bahaushen da ya yi karatun allo, da ya ji wannan sai ayar Suratul Baƙara ta 283 ta faɗo masa, inda aka hana ɓoye shaida aka ce mai yin haka zuciyarsa mai zunubi ce. A can kuwa wanda ya ga abu ne ya ƙi faɗa. A naka, wanda aka yi wa shaidar ne ya lulluɓe ta. In ka haɗa su, ka ɗora zunubi a kan baiwar Allah da ta sayi maganinta ba ta son a sani."

Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Ban hango wannan ba. To mu ce "rufe shaida", kamar yadda muke cewa rufin asiri. Shaidar wane a rufe take, ta wance a buɗe take. Rufewa ba ta yanke wa kowa hukunci, ta bar mai karatu ya nemi dalili. In an tabbatar mutum aibin kayansa yake lulluɓewa, wannan algus ne, kuma muna da sunansa tun tuni.

7/
Wata Hajiya mai fatauci daga Maraɗi ta ce su "suna" suke cewa: wane yana da suna a kasuwa, wane ya ɓata sunansa. Ta tuna mana cewa a fataucin goro da shanu, baƙo ba ya ciniki sai ta hannun maigidan da ya sauke shi, shi ne ke tsaya masa ya lamunce shi. Hajiya, gaskiyarki ne, aikin da maigida yake yi shi ne wannan tsarin yake ƙoƙarin yi ba tare da mutum a tsakani ba. Sai dai suna shi ne abin da ya taru a ƙarshe. Abin da muke nema wa kalma shi ne layin da kowane abokin ciniki ya rubuta, wanda ake ƙirgawa. Za ka iya cewa yana da shaida 300, amma ba za ka ce yana da suna 300 ba.

8/
Wani ƙanina ya ce a bar shi fidbak kawai, ai mun karɓi rediyo da intanet. Ƙanina, rediyo ta zo mana ne ba mu da irinta, dole ta shigo da sunanta. Wannan kuwa muna yin sa tun kafin a ƙera kwamfuta. Kuma na gwada da kaina. Na koma wurin Hajiyarmu na ce mata, mutumin da ya sayi kyamarar shaidarsa ta ciniki a rufe take. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Cewa ta yi, "To kada ya aika sai kuɗi sun shiga hannu, kuma ya ajiye rasit ɗin gidan waya."

9/
Saboda haka zan ci gaba da amfani da shaidar ciniki, da makin shaida, da shaida a rufe ko a buɗe, sai in wani ya kawo wadda ta fi.

Saura guda ɗaya. Mutumin nan da mai kaya yake sawa ya riƙa tayi da ƙarya don farashi ya tashi, ni "tayin bogi" nake kiran aikinsa, amma kalmar ba ta gamsar da ni ba. Dillalan kara, na Wudil ko Maigatari ko Potiskum, da wane suna kuke kiransa a wurinku?