Kwafin halitta: zai amfani shanun Azawak, kuma ya halatta a kan mutum?

Ɗan Abalak:
Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin dabbobi ce da malaman addini. An ce a 1996 masana a Sukotland sun samar da tunkiyar nan Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya, ba tare da barbarar rago ba. Mu nan jihar Tawa, fari kan hallaka saniyar Azawak mai nono wadda makiyayi ya yi shekaru yana zaɓen irinta. Shin ana iya kwafarta kafin ta mutu? Kuma idan abin ya yiwu ga dabba, me ya hana shi ga ɗan Adam?

Likitan dabbobi, Yamai:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin yana yiwuwa. Ana cire tsakiyar ƙwan mace, wato inda bayanan gadon halitta suke, a maye gurbinta da tsakiyar ƙwayar jikin dabbar da ake so, a motsa ƙwan da wutar lantarki, sannan a dasa shi a mahaifar wata dabbar. Amma asarar tana da yawa, domin cikin ƙwai 277 da aka haɗa, Dolly kaɗai aka haifa. A Dubai an samu raƙuma ta wannan hanya a 2009, sai dai can suna da kuɗin da ba mu da shi. Saniyar da aka kwafa ma ciyawa da ruwa take bukata, kuma garken da duk jininsa ɗaya ne, cuta guda na iya share shi. A ganina, kuɗin ya fi dacewa da rigakafi, da rumbunan abincin dabbobi, da raba bajimai masu kyau irin waɗanda ake kiwo a cibiyar kiwon shanun Azawak ta Tukunus.

Malamin islamiyya, Tawa:
Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta haramta kwafin mutum, ta kuma yarda da shi a kan dabbobi da tsirrai idan akwai maslaha kuma babu cutarwa. Babban dalilin shi ne kare nasaba. Yaron da aka kwafa daga mutum, ɗansa ne ko ƙanensa? Wa zai gada, kuma su wa ne muharramansa?

Ungozoma, Yamai:
Malam, ina so in ƙara batun mata, wanda ake yawan tsallakewa. Lokacin da masanan Sin suka bayyana kwafin birai a 2018, birai mata 21 aka dasa wa ƙwai, biyu kawai aka haifa lafiya. Idan mutane ne, ɓarin nan a jikin mata zai faru, kuma matalauta za a nema su sayar da ƙwansu su ɗauki cikin. Uwar da ta rasa ɗa tana ba ni tausayi ƙwarai, amma kwafi ba zai dawo mata da shi ba, domin ko tagwaye masu kama ɗaya kowanne da halinsa.

Ɗan Abalak:
Na gode, Hajiya, da ku duka. Likita, ta wace hanya makiyayi daga Abalak zai samu bajimin Tukunus?