Garantin ƙari ga tsohuwar mota: wa ya taɓa saya, kuma yaya ta kaya?

Maman Ilham, Ohio

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Motata ƙirar 2014 ce, hannu na biyu na saye ta shekara huɗu da suka wuce, yanzu ta ci mil 118,000. Ita ce ƙafata. Ita ke kai ni aikin dare, ita ke kai yara makaranta, da islamiyya ranar Asabar. Garantin kamfani ya daɗe da ƙarewa.

Makon jiya na kai ta juye wurin dila, sai wani mai farar riga ya ja ni ofis ya ce akwai garantin ƙari na shekara uku ko mil 36,000, a kan dala 2,900, kuma ana iya biya wata-wata. Ya ce giyabos kaɗai in ya tashi ya fi wannan kuɗi. Maganar ta tsaya min a rai, don kwanan nan in na taso daga danja nakan ji motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama giya ta biyu. Baban yara ya ce asarar kuɗi ce, amma shi ko bonet bai iya buɗewa ba. Don Allah wanda ya taɓa saya ya ba ni labari.

Ɗan Zango, Bronx

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na saya, kuma na sha. Wata goma sha ɗaya ina biya ba fashi. Ran da injin ya fara ƙwanƙwasa aka ja motar zuwa gareji, kamfanin garantin ya turo mutum ya zo dubawa. Bai fara da injin ba. Zagaya motar ya yi, ya ga takardar haya a manne a gilashi, ya ɗauki hoto ya tafi. Washegari suka kira suka ce motar da ake ɗaukar fasinja ko kai saƙo da ita ba ta cikin yarjejeniya, in duba shafi na shida. Na duba, yana nan kuwa ɓaro-ɓaro. Wanda ya sayar min ya san sana'ata sarai, don har hirar Uber muka yi da shi. Duk mai fita haya, ko da ta ƙarshen mako ce, ya nemi wannan layin kafin ya sa hannu.

Bakaniken Greensboro

Ƙanwata, kanikanci nake tun ina Maraɗi, a nan ma shi ke ciyar da ni, kuma ba watan da ba na waya da mutanen garantin nan. Bari in faɗa miki yadda abin ke tafiya daga ɓangarenmu.

Wannan jinkirin giyar da kika ambata, shi ne babbar matsalarki. Duk takardar da na taɓa gani ta ce ba su biyan ciwon da mota ta zo da shi kafin a sa hannu. Yawancinsu ma sai an yi kwana 30 an kuma yi tafiyar mil 1,000 kafin garantin ya fara aiki. Kika saya yau, giyabos ya mutu nan da wata biyu, mai dubawarsu zai zuƙi man giya ya shinshina, ya ga ya yi baƙi yana ƙauri, ya rubuta cewa ciwon tsoho ne. Shi ke nan magana ta mutu.

Sannan ban isa in kwance ko noti ɗaya ba sai na kira su sun ba da lambar izini. Su ce a sauke giyabos a buɗe su ga abin da ya karye. Wa zai amince a buɗe? Mai mota. In suka duba suka ƙi biya, kuɗin saukewa da mayarwa a wuyan mai mota yake. Na ga magidanci ya zauna a kan taya ya dafe kai, ga motarsa a warwatse a ƙasa, ba ta gyaru ba, ga bashin aiki ya hau shi.

In sun yarda ma da sauran rina a kaba. Suna da iyakar abin da suke biya a kan awa ɗaya ta aiki, ragowar naki ne. Suna da damar turo kayan hannu na biyu, irin wanda a gida ake cewa na Beljiyam. Akwai kason da za ki fara biya a kowane gyara, dala 100 ko 200. Kuma jimillar abin da za su kashe ba ta wuce darajar motar. Motar 2014 mai mil 118,000, ki ƙiyasta da kanki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zancen tiyo. Tiyon ruwa na dala 30 ba ya cikin jerin abin da suke biya. Ya fashe a kan babbar hanya, ruwa ya tsiyaye, injin ya yi zafi ya ƙone gasket. Injin yana cikin jeri, amma sai su ce abin da ba ya ciki ne ya jawo ɓarnar, don haka babu. To tsohuwar mota da me take mutuwa? Roba ce ke bushewa, sil ya fara yoyo, bushin ya cinye, shokazoba ta saki. Duk wannan suna kiransa cinyewar yau da gobe, kamar birki da taya da batir, ba ruwansu.

Takardun iri biyu ne. Wata tana jera abin da za su biya, duk abin da ba a rubuta ba babu shi. Wata tana jera abin da ba za su biya ba, sauran duka yana ciki. Ta biyun ita ce ta kirki, kuma da wuya su ba wa motar da ta haura mil 100,000. Ki tambaye shi wacce ce tasa, ki ce ya ba ki cikakkiyar takardar ki je gida da ita. In ya fara kame-kame, ki tashi.

Baban Sadik, Texas

Malam bakanike ya faɗi gaskiya, amma kada a yi wa abin kuɗin goro. Ni garantin ya cece ni. Motata 'yar Jamus ce, irin wadda komai nata sai kwamfuta. Na saye ta da mil 52,000, na ɗauki garantin ƙari na kamfanin da ya ƙera ta, ba na 'yan tsakiya ba. A shekara ta biyu kwamfiresan esi ya mutu a watan Yuli, wanda ya san zafin Texas ya san me nake nufi. Bayan wata biyar na'urar sitiyari ta bi sahu. Gyaran biyu ya haura dala 5,000, ni dala 100 na biya kowane zuwa, har motar aro suka ba ni.

Sai dai abu biyu. Lokacin da na saya motar ba ta tsufa ba, garantin asali ma bai gama ƙarewa ba. Na biyu, ina da ambulan ɗin da nake zuba rasit ɗin kowane juye, da kwanan wata da adadin mil. Shi suka fara tambaya. Kuma ku sani farashin nan ana tayawa. Dala 3,400 aka fara ce min, na miƙe tsaye, muka ƙare a 2,300. Kada kuma ku yarda a cusa shi cikin bashin mota, don za ku biya kuɗin ruwa a kansa.

Masu sayen hannu na biyu su lura da wani abu. Galibin kamfanoni a Amurka garantinsu shekara 3 ne ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, shekara 5 ko mil 60,000 a kan injin da giya. Hyundai da Kia na ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya, amma na wanda ya saye ta sabuwa ne. Ta koma hannu na biyu, ya sauko shekara 5 ko mil 60,000.

Ɗan Zango, Bronx

Alhaji, kai ka sayi laima kafin damina. Hajiya kuwa ruwa ya riga ya fara sauka.

Antin Manchesta

Mu a Ingila akwai abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ce in ka sayi mota wurin dila ta fito da aibi cikin kwana 30, kana da ikon mayar da ita ka karɓi kuɗinka. Cikin wata shida na farko kuma, dila ne zai tabbatar da cewa aibin ba tun wurinsa yake ba. Wannan haƙƙinka ne, ba sai ka sayi komai ba, amma bai shafi cinikin da ka yi da wani mutum a ƙofar gidansa ba.

Ni ban sani ba a lokacin. Dila ya ba ni garantin wata uku wai kyauta, ina ta godiya. Mako na bakwai kulochi ya fara santsi. Kamfanin garantin ya ce cinyewa ce, kuma ko da sun biya, iyakarsu fam 500 ce a gyara ɗaya. Na biya daga aljihuna. Sai daga baya wata abokiyar aikina ta ce ai dilan ya kamata in koma wa, ba su ba. Ihu bayan hari.

Yanzu Toyota nake ja. Tun 2021 suna da tsari a nan, duk sabis ɗin da ka yi a wurinsu za su ƙara maka garantin shekara ɗaya, har motar ta cika shekara 10 ko mil 100,000. Sabis ɗin ya fi na garejin unguwa tsada, amma na gwammace shi.

Ɗalibi a Maryland

Anti Maman Ilham, ni gargaɗina a kan masu kiran waya ne da masu turo wasiƙa mai jan rubutu, wai garantin motarki ya kusa ƙarewa, wannan ce sanarwa ta ƙarshe. Ni da keke nake hawa ma sun kira ni ya fi sau ashirin. A watan Agusta na 2023 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci wani gungunsu tarar kusan dala miliyan 300, bayan sun yi kira sama da biliyan biyar cikin wata uku a 2021. Har yau wasu na nan da sabbin lambobi.

Abin da kuke kira garantin ƙari, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ma cewa ta yi ba garanti ba ne, kwantiragin gyara ne da ake saye daban. Bambancin yana da amfani. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfanin mota soke garantinsa don kawai ka yi juye a garejin waje. Kwantiragin gyara kuwa abin da aka rubuta a cikinsa shi ke binki. Ki kuma sa lambar shasin motarki, mai harafi da lamba 17, a shafin NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a kan titunan Amurka. In kamfani ya taɓa kiran irin motar don gyara wani aibi, kyauta dila zai yi miki.

Malam na Toronto

Ba wanda ya taɓo ɓangaren addini. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garar, wato ka ba da kuɗi sananne a kan abin da ba ka san ko za ka samu ba, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Malamai da dama sun bambance garantin da aka haɗa da cinikin motar tun farko, wanda suka ce yana bin cinikin, da wanda aka saya shi kaɗai daga baya, wanda suke ganin inshora ce ta sauya riga. Naki na biyun ne, Hajiya. Ni dai da aka yi min tayi ban karɓa ba. Ki tuntuɓi malamin da kika natsu da shi.

Na Ƙofar Ruwa, Kano

Ina karanta ku ina dariya. Motar da kuke tsoro a mil 118,000, mu ita ce sabuwa dal in ta sauka Legas ko Kwatano. Garantinmu a nan shi ne dila ya ce ka zagaya da ita ka dawo. Giyabos kuwa in ka saya a kasuwa a ba ka kwanaki ka gwada, in bai yi ba ka dawo a canza maka, in mai shagon mai tsoron Allah ne. Hajiya in ta gaji ki turo mana, za ta ƙara shekara goma tana zuwa Wudil.

Uwar Adashi, Atlanta

'Yar'uwa, ni tun da wani kamfanin garanti ya rufe da kuɗina na shekara biyu, na kira lambarsu na ji ta mutu, na koma abin da na sani. Na buɗe asusu daban a banki, ba kati, kowane wata dala 80 ke shiga da kanta. Shekara uku ke nan. Na canza altaneta, na canza famfon ruwa, na sa tayoyi huɗu, waɗanda ba garantin da zai saya min, kuma har yanzu da saura. Ba na musun cewa da injin ya tashi a wata na uku da na shiga uku. Wannan ita ce kasadar, kuma na ɗauke ta da sanina.

Maman Ilham, Ohio

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda aka yi. Na koma na ce ya ba ni takardar in karanta a gida. Da farko ƙasida mai hoton iyali suna dariya ya miƙo min, sai da na nace ya bugo ta ainihin, shafi goma sha ɗaya. Irin ta farko ce da Malam bakanike ya faɗa, mai jera abin da za su biya. Sil da gasket ba sa ciki sai in wani abu ne ya karya su. Suna kuma neman rasit na duk sabis, ni kuwa juye uku ƙanin baban yara ne ya yi min a bayan gida, ba takarda ko ɗaya.

Na kai motar wurin wani bakanike da matan masallacinmu ke zuwa. Ya jona mata kwamfuta, ya zare man giya ya ɗiga a farar takarda ya nuna min, ya koma kalar shayi. Ya canza man da matatarsa, dala 240. Jinkirin ya ragu sosai, amma da safe in da sanyi ina ɗan jin sa. Ya ce in dawo bayan mil 3,000 ya sake dubawa, kuma in giyabos ɗin ya mutu kada in sake narka kuɗi a motar.

Garantin dai ban saya ba. Baban yara sai cewa yake ai shi ya faɗa tun farko. Uwar Adashi, asusun nan da ba kati, in gyara ya taso ranar Asabar da dare, ta yaya kike ciro kuɗin?