Neman Shawara: Wanda Raina Ke So Zan Zaɓa, Ko Wanda Aka Ce Shi Zai Kai Labari?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan. Bara na yi rantsuwar zama 'yar ƙasar Amurka, kuma zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa mai zuwa shi ne na farko da zan kaɗa ƙuri'a a cikinsa. Daga cikin waɗanda ake raɗe-raɗin za su fito a jam'iyyar Dimokurat, mutum biyu ne suka tsaya min a rai. Ba zan kama suna ba, saboda dokar zaurenmu. Na farkon sanata ne, duk abin da ya faɗa kan inshorar lafiya da sha'anin baƙi kamar daga bakina ya cire. Na biyun gwamna ne, bai wani burge ni ba, amma maigidana da abokan aikina sun dage shi kaɗai zai iya kai labari a babban zaɓe na watan Nuwamba. Suna cewa idan na bi sanata na zubar da ƙuri'ata ne kawai. Tsakani da Allah, wanne ya kamata in mara wa baya?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya sa alheri a cikin takardar. Kafin mu je ga sanata da gwamna, ƙanwata, a wace jiha kike, kuma da kika yi rajistar zaɓe me kika rubuta a gurbin jam'iyya?

Maman Ikram:
Pensilbaniya nake, Yaya. Gurbin jam'iyya kuwa ban cike komai ba, na ga kamar gara in tsaya a tsakiya.

Yaya Babba:
To, ga aikin farko nan. A Pensilbaniya zaɓen fidda gwani a rufe yake, wato sai mai rajista da jam'iyya ake ba takardar ƙuri'ar jam'iyyar. A yadda kike yanzu, ko sanata ko gwamna babu wanda za ki iya zaɓa. Haka abin yake a New York da Fulorida. Da a Mishigan ko Texas kike, da sai ki je rumfar zaɓe kawai ki nemi takardar jam'iyyar da kike so. A jiharku ana rufe rajista da sauya jam'iyya kwana 15 kafin ranar zaɓe, kuma ana iya yi ta intanet. Kada ki bari sai ƙurarren lokaci. A 2016 mutane da dama a New York sun tashi za su zaɓi Bernie Sanders a watan Afrilu, sai suka tarar an rufe sauya jam'iyya tun watan Oktoban 2015. Wasu a bakin rumfa suka ji labari.

Malam Mai Lissafi:
Maman Ikram, ni kan maganar nan ta "wanda zai iya cin zaɓe" zan tsaya, don ita ce ke ruɗa jama'a duk bayan shekara huɗu. Ki tambayi masu faɗa miki haka ta yaya suka sani. Amsar ba za ta wuce ƙuri'ar jin ra'ayi da hirarrakin talabijin ba, su kuma waɗannan, idan saura shekara guda a yi zaɓe, sunan da aka fi sani kawai suke aunawa.

A 2007 Rudy Giuliani ne ke kan gaba a Rifablikan, Hillary Clinton a Dimokurat. Giuliani ko jiha ɗaya bai ci ba, ya janye bayan ya zo na uku a Fulorida. Shi kuwa Barack Obama, a lokacin har cikin baƙaƙen fata akwai masu cewa ƙasar ba ta shirya ba, kada a yi asarar ƙuri'a. Ya ci zaɓen fidda gwani na jihar Iowa ranar 3 ga Janairun 2008, ya kuma ci babban zaɓe da ƙuri'un wakilan jihohi (waɗanda da su ake cin kujerar shugaban ƙasa) 365 daga cikin 538. A ɗaya ɓangaren, John Kerry a 2004 da Mitt Romney a 2012 duk da hujjar "shi ne zai iya kayar da mai ci" aka tsayar da su, kuma duk sun sha kaye. Donald Trump a 2016 manyan jam'iyyarsa da kansu suka ce ba zai kai ko'ina ba. Jeb Bush ne ɗan gata a shekarar, ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara sama da dala miliyan 100, amma tun watan Fabrairu ya tattara ya koma gida.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kowa ke ajiye ra'ayinsa yana ƙoƙarin cankar ra'ayin maƙwabcinsa, maƙwabcin ma yana cankar na wani. A ƙarshe a tsayar da mutumin da babu mai sonsa har zuci, ranar zaɓe kuma a rasa masu fitowa.

Baba Alhaji:
Malam, ka zaɓo misalan da suka yi maka daɗi ka bar sauran. Ni na fi ku shekaru a ƙasar nan, bari in tuna maka 1972. Matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam suka bi zuciyarsu suka tsayar da George McGovern. Jihar Massachusetts da birnin Washington kaɗai ya ci, Richard Nixon ya kwashe jihohi 49. Kafin nan, a 1964, 'yan Rifablikan sun bi tasu zuciyar suka tsayar da Barry Goldwater, ya tashi da jihohi shida. 'Yata, maigidanki ba shirme yake faɗa ba. Wanda ya faɗi zaɓe, duk kyan manufarsa, ko alƙali ɗaya ba zai naɗa ba. Kuma ba mu da muke wannan zaure ne kaɗai masu zaɓe ba. Sai mutum ya haɗa ƙuri'un wakilai 270, ta hanyar jihohi irin naku da Mishigan da Wisconsin da Jojiya da Arizona, inda ratar ba ta da yawa.

Malam Mai Lissafi:
Na karɓi gyara, Baba, McGovern gaskiya ne. Ban ce kada a duba wanda zai iya ci ba. Cewa na yi a nemi shaida, kada a tsaya ga ji-ta-ji-ta. Gwamnan nan, ya taɓa cin zaɓe a jihar da jam'iyyarsa ba ta da rinjaye? Ya taɓa samun ƙuri'a fiye da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa a jiha ɗaya, a rana ɗaya? Idan haka ne, maganar abokan aikinta tana da tushe. Idan kuwa a jihar da ko wa jam'iyyar ta tsayar zai wuce ya yi gwamna, to bai nuna mana komai ba tukuna. Shi ma sanatan a ɗora shi a kan wannan sikelin.

Anti Nas:
Ku maza kun tafi tarihi. Maman Ikram, ni abin da ya same ni zan ba ki. A 2020 ina Kalifoniya, aka aiko min takardar ƙuri'a ta gidan waya, don zumuɗi na cike na mayar tun saura mako biyu. Pete Buttigieg na zaɓa. Ranar 1 ga Maris ya janye, washegari Amy Klobuchar ta bi bayansa, dukansu suka koma bayan Joe Biden, ranar 3 ga wata aka yi Babbar Talata, ranar da jihohi da yawa, har da Kalifoniya, suka yi zaɓen fidda gwani tare. Ƙuri'ata ta tafi ga mutumin da ba ya cikin takara. Shi Biden ɗin nan fa na huɗu ya zo a Iowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa sallar gawa, sai Karolina ta Kudu ta tashe shi ranar 29 ga Fabrairu bayan Jim Clyburn, fitaccen ɗan majalisa daga jihar, ya fito ya mara masa baya. Cikin kwana huɗu komai ya juye. Idan ta gidan waya za ki yi, ki riƙe takardarki har ki ga waɗanda suka rage a fili, amma ki lura da ranar da dole ta isa ofishin zaɓe.

Yaya Babba:
Maganar Anti ta tuna min abin da ya fi shafar ki. Zaɓen jiharku bisa al'ada a ƙarshen Afrilu ake yinsa, a 2024 ranar 23 ga wata aka yi. Kafin layi ya zo kanku, yawanci an riga an san maci tuwo. A 2008 ne aka zo Pensilbaniya ana kan fafatawa, Hillary ta ci jihar, amma irin wannan ba kullum ba ne. Ke nan akwai yiwuwar ranar da za ki shiga rumfa, ɗaya daga cikin mutanen naki biyu ya riga ya janye, ko ma duka. Fargabar da ake sa miki ta fi dacewa da mutanen jihohin farko.

Sannan ki san yadda ake rabon daliget, wato wakilan da ke tsayar da ɗan takara a babban taron jam'iyya. A Dimokurat gwargwadon ƙuri'a ake rabawa, amma sai ɗan takara ya kai kashi 15 cikin ɗari, a jiha baki ɗaya ko a mazaɓar ɗan majalisa, kafin a ba shi ko ɗaya. Idan sanatanki yana wajen kashi 20 ko 30, ƙuri'arki tana ƙara masa wakilai ko da bai zo na ɗaya ba, babu wata asara. Idan a kashi 4 yake lilo, to a nan ne za ki zauna ki yi shawara da kanki.

Ɗan Uwa Na Kowa:
Ni a Rifablikan nake da rajista, kun sani, kuma ba faɗa na zo yi ba. Namu tsarin daban ne. Akwai jihohi irin Fulorida da Ohayo da wanda ya zo na ɗaya yake kwashe daliget duka, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce. Shi ya sa a 2016, da 'yan takara 17 suka fito, masu adawa da Trump suka rarraba ƙuri'unsu shi kuma yana ta tara wakilai. Don haka duk mai karanta wannan da yake ɓangarenmu, kada ya ɗauki lissafin kashi 15 ya ɗora a kansa.

Hajiya Lauya:
Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Kin ce maganganun sanata sun yi miki. To, ki raba alkawuransa gida biyu: abin da shugaban ƙasa zai iya yi da alƙalaminsa, da abin da sai Majalisa ta yarda. Sauya tsarin inshorar lafiya gaba ɗaya doka ce, sai ta bi ta Majalisar Wakilai, a Majalisar Dattawa kuma yawancin dokoki sai an samu sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara. Obama a makonsa na farko a ofis, Janairun 2009, ya sa hannu a rufe gidan yarin Guantanamo cikin shekara guda. Majalisa ta hana kuɗin kwaso fursunonin, ya gama shekara takwas gidan yana nan.

Amma adadin 'yan gudun hijirar da za a karɓa a shekara, da wanda za a naɗa ministan shari'a, da alƙalan tarayya da za a miƙa wa Majalisar Dattawa, da yadda za a yi da ƙasashen waje, waɗannan a hannun shugaba suke. Dokar hana 'yan wasu ƙasashe shigowa ta 2017 da alƙalami Trump ya yi ta, a farkon 2020 aka faɗaɗa ta har ta shafi bizar zama ta 'yan Najeriya, Biden kuma ya soke ta ranar da ya hau mulki, shi ma da alƙalami. Mu da muke da iyaye da 'yan uwa a waje, nan ne ya kamata mu sa ido sosai. Ki shiga shafin Majalisa na intanet, duk ƙuri'ar da sanatan ya taɓa kaɗawa tana nan a rubuce. Gwamna kuma ki duba dokokin da ya sa wa hannu da waɗanda ya ƙi. Shafin hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, zai nuna miki masu ba su kuɗi don takarar kujerun tarayya. Jawabin kamfe wasu ake biya su rubuta, shi ya sa ba na ba shi nauyi.

Ummu Sudais:
Ni dai ban yarda akwai ƙuri'ar banza a zaɓen fidda gwani ba. Ina Mishigan. A Fabrairun 2024 kowa ya san Biden ne zai ci, amma saboda yaƙin Gaza sama da mutum dubu 100 muka zaɓi gurbin "ba na bayan kowa", kusan kashi 13 cikin ɗari, har aka samu daliget biyu. A Minnesota ma abin ya fi haka ƙarfi. Ba zan ce mun sauya manufar gwamnati ba, ba mu sauya ba, kuma har yau abin yana min ciwo. Amma ranar an ƙirga mu, duk ƙasar ta san muna nan. Sanders ma bai samu tikiti a 2016 ba, amma mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa ya shiga kundin manufofin jam'iyyar a shekarar.

Baba Alhaji:
An ƙirga ku, 'yata, ban musa ba. Sai dai ƙirge daban, mulki daban. Na yi shiru haka nan.

Anti Nas:
Ƙari ɗaya, Maman Ikram. Tunda jiharku a baya take, idan da gaske kina son sanatan nan, taimakon da zai amfane shi tun kafin a fara zaɓe ne. A 2019 ɗaya daga cikin hanyoyin hawa dandalin muhawarar farko shi ne ɗan takara ya samu mutum dubu 65 da suka ba shi gudummawa, ko da dala ɗaya ce. Ana kuma neman masu buga wa masu zaɓe waya a jihohin farko, daga ɗakinki za ki yi. Ki dai sani, gudummawar da ta haura dala 200 ana wallafa ta da sunanki, kowa zai iya gani. Mai girin kad, wato izinin zama na dindindin, shi ma doka ta yarda ya ba da kuɗi, ƙuri'a ce bai da ita, idan maigidan naki bai karɓi takardarsa ba tukuna.

Maman Ikram:
Anti, kin taɓo inda yake ƙaiƙayi, shi ɗin girin kad gare shi har yanzu, shi ya sa yake son yin zaɓe da hannuna! Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na shiga shafin jiha na gyara rajistata. Na kuma fara duba ƙuri'un sanatan kamar yadda Hajiya ta ce, har na ci karo da guda biyu kan sayar da makamai da ban ji daɗinsu ba, don haka ban gama yanke hukunci ba. Gwamnan zan bincika a ƙarshen mako. Yaya Babba, idan na nemi takardar gidan waya daga baya kuma na canza shawara ina son in je rumfa da kaina, ya ake yi?

Yaya Babba:
Ki tafi da takardar da ambulan ɗinta gaba ɗaya, ki miƙa wa ma'aikatan rumfa su soke ta, ki sa hannu a takardar shaida, sai su bar ki ki yi zaɓe kamar kowa. Idan kin manta ta a gida, ƙuri'ar wucin gadi za su ba ki, wadda ba a ƙirgawa sai an tabbatar ba ki aika waccan ba.