Dabba ta faɗi bayan kiwo ko shan ruwa: ganye ne ko maganin ƙwari?

Mai tumaki, Kuseri (arewacin Kamaru):
Assalamu alaikum. Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko dabbobi na yawan faɗuwa a wajenmu. Wasu su ce tafki ne, wasu su ce ganye. Masu aikin, ku faɗa mana yadda ake rarrabewa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da tambaya biyu: ina garken ya yi kiwo, kuma bayan wane lokaci dabbar ta faɗi? In cikin minti 15 zuwa awa biyu ne, tana haki, tana tangaɗi, to a duba ko ta shiga gyauron dawa. Ɗanyen tohon dawa na ɗauke da sinadarin da ke zama gubar sayanayid a tumbi, ya fi yawa a tohon da bai kai santimita 50 ba, musamman wanda fari ya dama sannan ruwa ya taɓa shi. Tohon da ke fitowa a karal (ƙasar laka) bayan an yanke muskuwari, wato dawar rani, ma haka ne. Jinin irin wannan dabba ja ne wur, domin iskar na cikin jinin amma jiki ya kasa amfani da ita. In kuwa jinin ya yi duhu kamar ruwan ƙasa, zargi ya koma kan naitiret, sinadarin da ke cikin taki, daga ruwan da ya wanko taki ko ciyawar da ta sha shi. Maganinsu ba ɗaya ba ne: na farko allurar sodium thiosulfate a jijiya, na biyu methylene blue. Shanya kara ya bushe sarai na rage sayanayid sosai, amma naitiret na nan daram.

Malamin gona, Garwa:
Likita ya yi daidai, sai dai a ƙasar auduga ni maganin ƙwari nake fara zargi. Mai feshi ya gama aiki ya wanke famfonsa a bakin mayo (kogi), ko mata su ɗauraye jarkar magani su mai da ita ta ɗiban ruwa. Alamarsa ba ta ɓuya: yawu na dalala, zawo, naman jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura. Jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar ya koma cikin famfon feshi, sannan a huda gindinta don kada wani ya ɗauka.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Marwa:
Malam, wannan maganar ido a riƙe ta da kyau. Ido a tsuke, allurar atrofin ce maganin. Ido a buɗe wangwam, baki a bushe, dabba na hauka, wannan zaƙami ne, kuma guban zaƙami ɗan'uwan atrofin ne, ƙara mata atrofin kisa ne. Haka ɗura madara ko manja: mai na taimaka wa wasu magungunan ƙwarin shiga jiki, dabbar da ba ta iya haɗiya kuma sai ya sauka mata a huhu. In akwai gawayin asibiti, giram 1 zuwa 3 ne ga kowane kilo na nauyinta, a dama da ruwa, muddin tana haɗiya.

Tsohon makiyayi, Yagwa:
'Ya'yana, kun manta duman rafi. Shi kaɗai ke zama kore a bakin fadama lokacin da komai ya bushe, yunwa ce ke kai tumaki gare shi. Sai ka ga kai na karkarwa, ƙafa ba ta tsayuwa, in an kora su abin ya ƙaru. Yawanci ba ya kisa, a ɗaure su a inuwa da harawa da ruwa, cikin 'yan kwanaki za su miƙe. Samberu kam babu wasa, ganye kaɗan ya isa. Baƙuwar dabba ce ta fi cinsa, ta gida ta san shi.

Masunci, Maga:
Baba, mu namu a ruwa yake. Kifi ya taso birjik da asuba yana haɗiyar iska a tafkin da ya yi kore shar, sau da yawa iska ce ta ƙare cikin dare. Kada a shayar da garke a gefen da iska ta tara koren kumfan nan, wani irinsa na lalata hanta. Amma in ka ga kwaɗi da ƙwarin ruwa duk sun mutu tare da kifin, an zuba wani abu ne, magimfa ko Gamalin. Sinadarin Gamalin, lindan, tun 2009 yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin waɗanda za a daina, kuma yana taruwa a kitsen kifi, yin bandar kifin ba ya fitar da shi.

Ma'aikaciyar tsaftar ruwa, Mokolo:
Ƙarin bayani ga masu sha daga wuri ɗaya da dabbobi. Alif da ƙwayar zogale laka suke kwantarwa. Javel (bilic) ko Aquatabs (ƙwayar tsabtace ruwa) ƙwayoyin cuta suke kashewa bayan minti 30. Babu wanda ke cire maganin ƙwari a cikinsu. Tafasawa ma ƙara wa naitiret ƙarfi take yi tunda ruwan ke raguwa, kuma jarirai ne suka fi cutuwa. Iyakar naitiret a ruwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 ce a lita. Alhaji, in an sake samun mutuwa, a ɗebi ruwan tafkin a kwalba mai tsabta, a haɗa da abin cikin tumbi da ganyen da ake zargi a kai wa likitan dabbobi ranar. Naman kuwa kada a kai shi kasuwa ko da an samu yankawa. A binne shi da zurfi, nesa da rijiya.