Giris da lalacewar boris: abin da makanikan Sakkwato suka ce

A wata hira da makanikai da masu injin niƙa suka yi a Sakkwato, an tattauna dalilin da ya sa boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawar inji, ke saurin cinyewa. Galibinsu sun ɗora laifin a kan giris, ko dai irinsa ko yadda ake sa shi.

Wani dattijon makanike ya ce giris mai ne da aka daskarar da sinadarin sabulu, kuma man da ke tsattsafowa a hankali shi ke raba ƙwallayen da zoben da suke gudu a kai. In man ya tsinke, ƙarfe ya goga ƙarfe, sai ka ga ƙananan ramuka a zoben, daga nan ƙara ta fara. A zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, giris mai kalsiyam na gargajiya kan saki da wuri. Mai litiyam ya fi juriya, sai wajen digiri 190 yake narkewa, kuma mai lamba 2 a ma'aunin kaurin giris aka fi amfani da shi.

An daɗe a kan yawan cusawa, kuma ina ganin nan ne gizo ke saƙar. Boris mai gudu da aka cika maƙil zafi yake yi, girisin ya yi baƙi ya zubo. Kamar kashi ɗaya cikin uku na gurbin ya wadatar.

Kada a gauraya iri biyu, a wanke tsohon tukuna. A kuma rufe gwangwani, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta shiga giris ita ke kankare zoben.