Wai mece ce ainihin ma'anar kalmar "scope"?

'Yar Kura:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina rubuta kundi a kan asarar tumatir tsakanin gona da kasuwa. Jiya na kai wa malamina babi na ɗaya, sai ya zagaye sashen "scope of the study" kaf da jan biro, ya rubuta a gefe wai manufa na rubuto. Ni kuwa sai da na duba ƙamus, na ga har da manufa a cikin ma'anoninta. Ga yayana mai aikin gini kullum bakinsa "scope of work", ƙawata kuma tana cewa wani saurayi yana "scoping" ɗinta. Kaina ya ɗaure wallahi, ga shi Litinin zan mayar.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, 'yata, tsohuwar ma'ana kika ɗauko. Asalin kalmar Girkanci ne, "skopos", wato abin da maharbi yake aunawa, ko mai gadin da ke hange daga nesa. Ta Italiyanci ta shigo Turanci a ƙarni na 16, kuma har gobe Italiyawa in sun ce "scopo", manufa suke nufi. A Turancin yau kuwa ta fi nufin faɗin abu da inda ya tsaya. 'Yan sashen Hausa "farfajiyar bincike" suke cewa, kuma a ganina fassarar ta fi asalin fito da abin: fili ne da aka kewaye da danga. Don haka ki faɗi inda dangarki ta bi. Manoman rani na Kura da Garun Malam, kaka ɗaya, tumatir kaɗai, ban da albasa da tattasai. Abin da kike son ganowa kuma ki mayar da shi ƙarƙashin manufa.

Mai Tayil:
Ta yayanki ni na san zafinta. An taɓa ba ni aikin tayil na ɗaki uku, da baki muka yi ciniki. Ina gamawa maigidan ya ce ai har da banɗaki da baranda. Kwana huɗu na ƙara, ko sisi ban gani ba. Tun ranar, sai an rubuta iyakar aiki a takarda nake ɗaukar cokalin gini.

Nas Ta Dare:
Hajiya, kar ki haɗa da wadda ke wutsiyar "microscope" da "telescope". Dangi ne, amma waccan kallo take nufi. Abin dariyar, "stethoscope" da muke ratayawa a wuya, wanda likitan Faransa Laennec ya ƙirƙiro a 1816, sunansa na nufin duba ƙirji, alhali da kunne ake aikin. Ita kuma ƙawarki, wannan Turancin Najeriya ne: daɗin baki yake yi mata. Ki ce ta bi a hankali.

'Yar Kura:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Na gyara yanzu, shafi biyu sun koma layi bakwai. Saura tambaya ɗaya: rashin kuɗin motar da ya hana ni zuwa kasuwar 'Yan Kaba sau da yawa, a nan zan saka shi?

Tsohon Malami:
A'a, wannan na sashen "limitations" ne, wato cikas ɗin da bincike ya gamu da shi. Dangar da kika kafa da hannunki daban, abin da ya fi ƙarfinki daban.